Wai Akwai Sautin da Aka Halitta Don Kuka?

Kwanan baya na halarci wata lacca a kan kiɗan Turawa. Mai jawabi ya zauna gaban fiyano ya buga mana do, re, mi, fa, so, la, ti, do, ya ce wannan shi ne babban tsani, na farin ciki. Sa'an nan ya sake hawa, amma daga la zuwa la, ya ce wannan kuma ƙaramin tsani ne, wanda Turawa ke kira maina, kuma wai duk ɗan Adam in ya ji shi sai zuciyarsa ta karaya. Jama'a suka tafa. Ni dai ban tafa ba, ga kuwa dalilina.

Jigon bambancin tsanukan nan biyu yana a mataki na uku. A babba, daga tushe zuwa na uku taki biyu ne cikakku. A ƙarami kuwa taki ɗaya ne da rabi. To, a kan rabin takin nan ne malamin ya ɗora dariyar duniya da kukanta. Bai kuma gaya mana cewa su kansu Turawa ba da biyun nan suka fara ba. Shekaru aru-aru waƙoƙin cocinsu a kan tsanuka takwas suke tafiya, akwai mai tashi daga re, watau Doriyan, akwai mai tashi daga mi, watau Firijiyan. Masu tashi daga la da do sai a 1547 wani masani ɗan Suwizalan, Glarean, ya shigar da su cikin lissafi. Daga baya ne suka danne sauran, har Bach ya tsara littafinsa na 1722 a kansu kaɗai, manya 12, ƙanana 12.

Ba na musun cewa maganar tana da kama. Simfoni ta biyar ta Beethoven, wadda aka fara bugawa a Biyana a 1808, ta soma cikin ƙaramin tsani kamar mai kokawa da duhu, ta ƙare cikin babba kamar an ci yaƙi. Kunnen da ya tashi da irin wannan, da kiɗan da ake sa wa a fim in jarumi zai mutu, dole ya koyi darasin. Ni ma nawa ya koya. Amma sabo ne, ba halitta ba. Kiɗan nan na Mozart mai kwaikwayon tamburan Turkawa da ƙaramin tsani ya buɗe, ga shi kuwa da tsalle kamar ɗan akuya. Miles Davis ya gina "So What" a 1959 a kan Doriyan, ban kuwa ji makoki a ciki ba. A 2022 ma wasu masu bincike sun buga wa mutanen kwarin Uruwa, can ƙasar Papua New Guinea, tsanukan biyu, sai waɗanda ba su saba da kiɗan Turawa ba suka kasa nuna wanne ne na murna.

Abin da ya fi damuna, 'yan'uwa ɗalibai, shi ne namu. Yawancin kiɗanmu na goge da kukuma da gurmi a kan sauti biyar yake yawo, kuma karin waƙar yana bin hawa da saukar muryar kalmomin Hausa ne. Idan ɗalibi ya ɗauki ma'aunin malamin nan ya je gidan biki, ya ji mataki na uku ya ɗan sauko, sai ya rubuta a kundinsa cewa kiɗan baƙin ciki ne, alhali ga mata can suna rangaɗa guɗa. Wani ya zo ya kwafa, a wayi gari ƙarya ta zama ilmi.

Da aka ba da damar tambaya, sai na tuna masa maƙamar Saba, wadda makaranta Alƙur'ani na Masar irin su Abdulbasiɗ Abdussamad kan hau, wadda kuma Larabawa ke ɗauka ita ce ta taushin zuciya da hawaye. Na roƙe shi ya buga mana ita mu ji ko babba ce ko ƙarama. Ya danna re, ya nemi mataki na biyu. Sautin kuwa yana tsakanin baƙin madanni da fari, inda maƙerin fiyano bai sa kome ba. Ya gwada baƙin, ya gwada farin, sa'an nan ya dubi agogo ya ce lokaci ya ƙure.