Gobara da Igiya: Sharhi a kan Labarin Wildgoose Lodge na William Carleton

A daren 29 ga watan Oktoba na 1816, wayewar garin 30, wasu mutane suka kewaye wani gida da ke can gefen fadama a lardin Louth na ƙasar Ailan, suka cinna masa wuta. Mutum 8 suka ƙone a ciki: maigidan, Edward Lynch, da ɗansa, da ɗiyarsa, da mijinta, da jaririnsu ɗan wata 5, da barori 3. Sunan gidan Wildgoose Lodge, wato masaukin dinyar daji. Bayan shekara 13 da ƴan watanni, a farkon 1830, William Carleton ya mai da wannan ta'asa gajeren labari a wata mujalla ta birnin Dublin, daga baya ya saka shi cikin kundinsa na labaran talakawan karkarar Ailan da ya fito a 1833. Mawaƙin nan W. B. Yeats ya sake zaɓo shi a 1889 cikin labaran Carleton da ya tattara, kuma har yau ana lissafa shi cikin gajerun labarai mafi ban tsoro da aka rubuta a wannan tsibiri. Abin da muke son dubawa a nan shi ne gaskiyar da labarin ya faɗa da kuma wadda ya rufe, domin dukansu biyu suna da darasi ga mai koyar da adabi.

Kafin a shiga cikin labarin, ya kamata mai karatu ya san ƙasar da abin ya faru. Tun 1801 Ailan ta shiga ƙarƙashin majalisar Landan kai tsaye. Mafi yawan gonaki suna hannun manyan masu ƙasa ƴan tsiraru, galibinsu mabiya ɗarikar Furotesta, alhali talakawan da ke noma su ƴan Katolika ne masu biyan kuɗin haya. Daɗin daɗawa, doka ta tilasta wa manomi ya fitar da ushirin amfanin gonarsa ga cocin hukuma, cocin da ba nasa ba. Daga 1761, lokacin da wasu samari masu sa fararen riguna da dare suka fara rushe shingayen makiyaya a lardin Tipperary, ƙungiyoyin asiri suka yi ta ɓullowa a karkara da sunaye iri-iri. Suna da rantsuwarsu da dokarsu da hukuncinsu: wasiƙar gargaɗi, yanke jijiyar dabba, ƙona rumbu, kisa. A arewacin tsibirin an fi kiran su Ribbonmen, wato masu ƙyalle. Da yaƙin Napoleon ya ƙare a 1815 farashin hatsi ya faɗi warwas, kuɗin haya kuwa bai sauka tare da shi ba. Shekarar 1816 ta zo da sanyi da ruwa marar yankewa, amfanin gona ya lalace, yunwa da zazzaɓin annoba suka biyo baya. A cikin wannan shekara ce, a watan Afirilu, wasu suka fasa gidan Lynch suna neman makamai. Ya kai ƙara, ya ba da shaida, aka rataye mutum 3. A idon maƙwabtansa ya zama mai tona asiri, kuma a dokar dare wannan laifi ba shi da fansa.

Shi Carleton ɗan wannan duniya ne. An haife shi a 1794 a lardin Tyrone, ɗan ƙaramin manomi Bakatolike, a gidan da ake magana da harshen Ailan na asali da kuma Ingilishi. Ya yi karatu a makarantun karkara da talakawa ke biyan malaminsu da kansu, ya kuma faɗa a tarihin rayuwarsa cewa an taɓa rantsar da shi cikin masu ƙyalle yana saurayi. A 1817, yana tafiya neman aikin koyarwa, ya ratsa Louth ya ga gawawwakin waɗanda aka rataye suna lilo a bakin hanya, shafe da kwalta. Da ya isa Dublin ya bar ɗarikar iyayensa ya koma Furotesta, ya fara rubutu a 1828 a wata mujalla da ta yi suna wajen sukar limaman Katolika. Ke nan mutumin ya san talakawa daga ciki, amma masu sayen rubutunsa mutanen birni ne da ke tsoron talakawan.

Gwanintarsa ta farko ita ce zaɓen mai ba da labari. Ya sa maganar a bakin ɗaya daga cikin ƴan ƙungiyar, wanda aka aiko wa takardar kira zuwa taro, ya tafi gabansa yana faɗuwa ba tare da ya san abin da aka shirya ba. Mai karatu yana shiga tare da shi cikin ɗakin ibada da tsakar dare, iska tana kaɗawa, ruwa yana zuba, kyandir ɗaya yana ci. Shugaban taron malamin makaranta ne, kuma shi ne mai yi wa limami hidima a wannan ɗaki. A nan yake koyar da yara da rana. Ya kulle ƙofa, ya zagaya da barasa a gaban bagadi, ya nemi kowa ya rantse a kan littafin addu'a cewa zai bi umarni kafin a gaya masa umarnin. Ya kuma kawo ƴan'uwan waɗanda aka hukunta, masu ɗauke da zafin rashi, domin duk mai son nokewa ya ji kunyar idonsu. Wannan sashe ya fi kowane ƙarfi a labarin, domin yana nuna yadda ake jan mutumin kirki mataki-mataki, da rantsuwa da kunya da tsoron a kira shi maci amana, har ya tsinci kansa tsaye a gaban gida mai ci da wuta. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Carleton ya nuna yadda farin ke hawa kan mutum yana ji yana gani.

Da aka isa gidan, marubucin bai tausaya wa mai karatu ba. Ruwan ambaliya ya kewaye wurin, hasken gobara yana haskawa a kansa, mace ta leƙo ta taga gashinta yana ci tana roƙon a yi mata rai, aka mai da ta ciki da tsinin bindiga. Jariri ma bai tsira ba. Mai ba da labarin yana kallo, zuciyarsa tana ƙin abin, hannunsa bai motsa ba. A wannan shirun nasa ne labarin ya taɓa gaskiyar da ta wuce Ailan: yawancin masu halartar ta'asa ba su ne ke kunna ashana ba, tsayawarsu ce ke ba mai ashanar ƙarfi.

To amma in an ajiye labarin aka buɗe takardun hukuma, sai a ga rabin da Carleton ya bari a duhu. Masanin tarihi Terence Dooley ya bi diddigin shari'ar a littafin da ya fitar a 2007. Bayan kisan, mutanen yankin suka kama bakinsu. Aka yi watanni ba a samu mai shaida ba. A lokacin babu tsayayyun ƴan sanda a karkara. Shekara 2 kawai kafin haka, a 1814, Robert Peel, babban sakataren Ailan na gwamnatin Birtaniya, ya kafa rundunar kiyaye zaman lafiya da ake aikawa duk yankin da aka ayyana a matsayin mai tarzoma, kuma mutanen yankin ne ke biyan kuɗinta. Wani alƙalin wannan runduna, Samuel Pendleton, shi aka ɗora wa binciken. Ya yi aiki da masu laifin da suka yarda su ba da shaida a kan wasu don su ceci wuyansu. Aka rataye mutum 18, ciki har da malamin makarantar nan, Patrick Devan, aka bar gawawwaki da yawa a rataye kusa da gidajen danginsu don su zama abin tsoro. Binciken Dooley ya kai shi ga cewa aƙalla rabin waɗanda aka rataye ba su da hannu a kisan.

Carleton ya taƙaita duk wannan a ƴan layuka na ƙarshe. Ya ba da adadin da ya haura 20, ya ambaci tsohuwar Devan wadda ba ta iya fita ko shiga bukkarta sai ta ga gawar ɗanta, tana kiransa shahidi, maƙwabta kuma suna yi masa addu'ar tausayi. A wurinsa wannan alama ce ta lalacewar zuciyar talakawa. Mai karatun da ya san an rataye marasa laifi zai fahimci tausayin nan ta wata fuska: mutanen da suka ga shari'a ta sayi shaida ba za su ƙara ganin igiyarta a matsayin adalci ba. Haka nan labarin bai ce komai ba game da yunwar 1816, ko kuɗin haya, ko ushiri. Mugunta a cikinsa tana fitowa ne daga fuskar shugaban, wanda aka zana kamar shaiɗan, da kuma daga ɗakin ibadar da aka ƙazantar. Mai karatu na birni zai iya rufe littafin yana zaton rikicin addini ne, alhali Lynch da iyalinsa ƴan Katolika ne kamar waɗanda suka ƙone su. Maƙwabci ne ya kashe maƙwabci a kan tambayar wace doka za a bi, ta rana ko ta dare.

Wannan tambaya ce ta haifi ƴan sandan Ailan. A 1822 aka kafa ƴan sandan larduna, a 1836 aka haɗe su wuri ɗaya ƙarƙashin umarnin Dublin, a 1867 aka ƙara musu laƙabin sarauta, suka daɗe har 1922. Suna ɗauke da bindiga, suna kwana a bariki, ba a tura mutum aiki a lardin haihuwarsa. Sun fi kama da jandarma a kan ƴan sandan Landan da shi Peel ɗin ya kafa a 1829 ba tare da bindiga ba. Wannan tsari na Ailan Birtaniya ta yi ta kwaikwayo a ƙasashen da ta mallaka, har aka riƙa horar da hafsoshin ƴan sandan mulkin mallaka a barikin Dublin a farkon ƙarni na 20. Ɗan sandan da aka kawo daga nesa don kada ya tausaya wa kowa yana iya kama mai laifi, amma da wuya ya samu wanda zai gaya masa gaskiya don Allah. Dole ya koma ga mai sayar da ita.

Saboda haka hukuncinmu a kan labarin kashi biyu ne. A matsayin nazarin zuciyar mutum a cikin taro, aiki ne da ba ya tsufa, kuma ya wanke talaka daga zargin cewa dabba ne marar tunani, tun da mai ba da labarin yana da lamiri, yana kuma shan azabarsa. A matsayin shaida a kan abin da ya faru a Louth, gurguwa ce, domin ta ƙirga gawa 8 ɗaya bayan ɗaya ta tara sauran a jimla guda. Babu wanda zai nemi a sassauta wa masu ƙona jariri. Abin da ake nema shi ne a ba marar laifin da aka rataye irin hasken da aka ba wanda aka ƙona.

Malamin da zai kai wannan labari aji, ko ƙungiyar da za ta mai da shi wasan kwaikwayo, sai su ajiye shi gefe da gefe da tarihin shari'ar, su tambayi ɗalibai abu uku: wa ke magana, wa yake yi wa maganar, kuma wa aka hana magana. Tambayoyin nan sun dace da duk marubucin da ya tashi cikin harshe ɗaya yake ba da labarin mutanensa cikin wani, ga masu karatun da ba su taɓa kwana a ƙauyensa ba. Carleton ya rasu a 1869 yana fama da talauci, bayan ya yi shekara 40 yana tsaye tsakanin waɗannan ɓangarori biyu, kowanne yana zarginsa da karkata ga ɗayan.