An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Nazari kan Harshen Magoya Baya

Ina aji biyar na sakandare a Wurno na fara jifan babba da hoge, kuma malamina ne na jefa. Ƙungiyar ƙwallon makarantarmu ta je Rabah buga wasan kusa da na ƙarshe, aka lallasa mu da ci uku da nema. Kafin motar ta iso gida mun riga mun haɗa wa malamin wasanni waƙar zambo mai amshi, wadda ta taɓa sanƙonsa, ta taɓa tsohon kekensa, ta kuma kira shi da sunan da ba zan maimaita a nan ba. Sai bayan shekaru wani ma'aikacin ofishin makarantar ya shaida mini cewa daga albashinsa malamin ya biya kuɗin a-kori-kurar da ta kai 'yan wasan, kuma da kunu kaɗai a cikinsu suka shiga fili, domin kuɗin wasanni da ake karɓa hannun iyayenmu kowane zango bai taɓa isowa gare shi ba. Wanda ya riƙe kuɗin nan babu wanda ya yi masa ko ɗango ɗaya.

Tun daga lokacin nake tambayar kaina: daga ina muka samo harshen da ke iya zagin mai horarwa da fasaha haka, amma ya daskare idan aka zo kan mai gudanarwa? Amsar da na fi gamsuwa da ita tana cikin adabinmu na baka. Duk wanda ya saurari waƙoƙin da Ɗan Anace ya yi wa Shago ya san yadda makaɗin maza ke gina waƙarsa: zuga da kirari ga gwaninsa, zambo da habaici ga abokin karawa. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo ma haka suke, sai dai su kibiyarsu kan 'yan sarki masu jiran gado da maƙiyan ubangida take sauka. Shi ubangidan kuwa tsarin waƙar bai tanadar masa gurbin zargi ba. Wannan tsari ne mai goyon bayan ƙwallo ya gada, ya ɗauko shi daga dandali ya kai shi filin wasa. Ɗan wasa ya zama gwani, shugaba ya zama ubangida, shi kuwa mai horarwa, da yake ba ya kyauta kuma ba ya iya ramawa, sai ya faɗa gurbin wanda ake yi wa zambo.

Amma a yi wa makaɗi adalci. Shi abincinsa a hannun ubangida yake, kuma ko shi ɗin ma yana da makami da yake ajiye wa marowaci. Mai goyon baya fa? Shi ne ke biyan kuɗin ƙofa, ubansa ne ke biyan kuɗin wasanni, harajinsa ne ke riƙe da ƙungiyar jiha. A zahiri shi ne ubangidan, amma ya zaɓi ya yi magana da bakin bara.

Kano Pillars ta ishe mu misali, tunda ko a rumfunan shayi na Wurno ana jin “Sai Masu Gida”. Ƙungiya ce mallakar gwamnatin jiha, wadda ta ɗauki kofin gasar ƙwararru ta Nijeriya a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, kuma a 2009 ta kai wasan kusa da na ƙarshe na gasar zakarun Afirka. A watan Afrilun 2022, a wasanta da Katsina United a filin Sani Abacha, wasu magoya baya suka ɓalle da tarzoma har aka farfasa motar baƙi. Aka ci tarar ƙungiyar, aka mayar da wasanninta na gida Abuja, kuma a ƙarshen kakar ta faɗa rukuni na ƙasa. Abin lura shi ne inda fushin ya sauka. Duwatsu sun sami gilashin motar Katsinawa, baƙaƙen maganganu sun sami alƙalin wasa da mai horarwa. Tambayoyin da suka fi nauyi, wato wa ke naɗa hukumar gudanarwa, da wane ma'auni, kuma wa ke bin sawun kuɗin sayen 'yan wasa, ba su da amshi mai daɗin rerawa, don haka ba su cika filin ba.

Kada a ce rashin sani ne. Na zauna a gidan kallon ƙwallo a Goronyo, janareta na ruri a waje, na ji matashi ɗan kasuwar albasa yana bayanin yadda iyalan Glazer suka ɗora wa Manchester United bashi tun da suka saye ta a 2005, da yadda magoya bayanta suka kutsa filin Old Trafford a watan Mayun 2021 har aka ɗage wasa da Liverpool. Ya san bambancin laifin mai horarwa da na mai ƙungiya sarai, matuƙar ƙungiyar tana Ingila. Da na tambaye shi wa ke kula da kasafin Sokoto United, wadda ke wasa a filin Giginya, sai ya yi dariya ya ce, “Malam, wanga zance na manya na.” Sukar Bature ba ta hana kowa taki ko takardar neman aiki, sukar na gida kuwa tana iya hanawa.

Ba ina wanke masu horarwa ba ne. Akwai waɗanda ke shigo da sojan haya mai gemu a gasar 'yan makaranta, akwai masu ajiye yaro mai ƙafa a benci don ɗan wani ya buga. Waɗannan sun cancanci zargi, kuma zargin da ya ambaci laifin da sunansa ya fi zambon sanƙo da keke amfani. Haka kuma ban raina ƙauna ba. Ita ce ta sa muka cika bayan mota a tsaye zuwa Rabah. Ita Rabah ɗin ma ta haifi Sardauna Ahmadu Bello, wanda a Kwalejin Katsina ya shahara a wasan nan na buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, ya kuma ci gaba da buga shi har yana Firimiya. A zamaninsa wasa ɓangare ne na tarbiyyar ɗalibi. A makarantarmu kuwa layi ne kawai a takardar karɓar kuɗi.

Bara na koma tsohuwar makarantar ranar gasar gidaje. Malamin namu ya yi ritaya tuni, wani saurayi ne a madadinsa, yana zana layin tsere da toka domin ba a sayo farar ƙasa ba. Shugabanni na zaune ƙarƙashin rumfa, ana yi musu tafi duk lokacin da mai sanarwa ya ambaci sunansu. Da gidan da ake sa ran zai yi nasara ya zo na uku, sai na ji yara a bayana sun ɗauko waƙa. Karin namu ne, amshin ma namu ne, sunan malamin kaɗai aka sauya.