Kwantagora a Bayan Labulen Aljanu: Tsokaci a kan Ruwan Bagaja

Manazarta da dama sun saba jefa ƙagaggun labaran Hausa na farko cikin kwandon tatsuniya, bisa hujjar cewa aljanu da tsafi sun yi musu katutu, don haka ba su da abin faɗa game da rayuwar zahiri. Manufar wannan maƙala ita ce mu sake duba wannan hukunci, ta yin la'akari da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ɗaya daga cikin littattafan da gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar.

Da farko dai, labarin yana da gida. Daga Kwantagora Alhaji Imam ya tashi, can kuma ya komo, shi kuwa marubucin a Kagara aka haife shi a 1911. Mu da muka fara karanta littafin a makarantar firamare a Kumbashi, ba mu taɓa ɗaukar fadar da ke cikinsa a matsayin ta wata duniya ba. Fada ce irin wadda iyayenmu ke tuɓe takalma tun daga nesa kafin su shiga.

Me ya fitar da tauraron daga gida? Ɗan sarki ne ba shi da lafiya, Liman ya ambaci maganin da ya sani, aka kunyata shi a bainar jama'a. Ashe mafarin tafiyar duka wulaƙanci ne da aka yi wa mai ilimi a gaban mai mulki. Ruwan da za a ɗebo magani ne ga Yarima, amma ga Alhaji shaida ce da za ta wanke dattijon da ya riƙe shi. Idan muka auna littafin kuwa, za mu tarar kason aljanu kaɗan ne, can wajen ƙarshe. Mafi yawan shafukan a kasuwa suke, da zauren alƙali, da masaukin baƙi.

Inda hannun Imam ya fi faɗawa, a ganinmu, shi ne karon Alhaji da Malam Zurƙe a gaban mutanen wani gari. Alhaji ba shi da karatu, amma ya shiga rigar malanta har gari ya sallama masa. Da malamin gaske ya zo, sai ya zana wani lanƙwasasshen layi a ƙasa ya nemi a faɗi ko mene ne. Zurƙe ya yi ta kawo sunayen haruffa, Alhaji ya ce jinjirin wata ne, jama'a suka goyi bayansa, aka kori mai ilimi. Yara dariya suke yi a nan, mu ma mun yi. Sai da girma ya zo muka lura cewa hukuncin na jama'a ne, kuma sun yanke shi da iyakar abin da idonsu ya sani: wata suna ganinsa kullum, harafi kuwa baƙo ne. Zurƙe ya faɗi ne domin alƙalan gasar ba su iya karatu ba, shi kuma bai san yadda ake magana da su ba. Malamin makaranta ne ya rubuta wannan, yana koyarwa a Midil ta Katsina, a zamanin da masu karatu, na ajami ko na boko, ba su da yawa. Da wuya a ce bai san abin da yake nufi ba.

Gaskiya ne Imam ya yi aro, musamman daga Abu Zaidu na Maƙamatul Hariri. Sai dai aron tukunya ba ya hana miya zama ta gida.

Wansa, Bello Kagara, ya bi wata hanyar a Ganɗoki. Kwantagora ta faɗa hannun Turawa a 1901, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, kuma jarumin littafin yana cikin waɗanda aka ci da yaƙi. Nasarar da ta kuɓuce masa a gida, sai a ƙasar aljanu marubucin ya ba shi ita, domin littafin a ofishin gwamnatin Turawa za a tace shi kafin a buga.