A Rage Kaya, Amma Kada a Jefar da Makulli

Akwai wani yayi tsakanin masu haɗa ƙananan na'urori, irin makullin ƙofa da na'urar ɗaukar sunan ma'aikata: kowa yana son manhajar karanta zanen yatsa wadda ba ta jingina da laburaren kowa. Ina tare da su, amma ba har ƙarshen hanya ba.

Dalilinsu mai ƙarfi ne. Libfprint, wadda Daniel Drake ya fara a 2007, ita ce aka fi sani a Linux, kuma tana aiki. Sai dai ba ta zuwa ita kaɗai. Tana jawo GLib, abokiyar tafiyarta fprintd kuma sai da D-Bus. A kwamfutar cinya ba wanda zai ji nauyin wannan. Amma Arduino Uno ƙwaƙwalwar aikinsa kilobait 2 ce kacal, ko hoton yatsa guda ba zai shiga ba, balle tawagar laburare. Ga kuma abin da ya faru a Maris 2024, da aka gano ɓoyayyiyar ƙofa a cikin xz, ɗan laburaren matse fayil da yawancin mutane ba su ma san yana cikin na'urarsu ba. Duk laburaren da ka ɗauko, ka ɗauki amanar mutanen da ba ka taɓa gani ba.

Shi ya sa ake rububin na'urorin karanta yatsa irin R307 da AS608. Su ke ɗaukar hoton yatsa, su ke adana siffofinsa, su ke kwatantawa. Kai dai ka haɗa waya huɗu, ka aika umarni, ka jira amsa.

To, a wannan amsar ne nake da ja. Tana bin waya tsirara, ba a ɓoye ta ba, kuma sifili guda ne ke nufin yatsa ya dace. Wanda ya kwance murfi ya kai ga wayoyin zai iya aika sifilin da kansa, ƙofa ta buɗe. Kalmar sirrin da na'urar ke zuwa da ita ma sifilai ce, kuma ba kowa ke damuwa ya canza ta ba. Manya ma sun yi wannan tuntuɓen: a 2023 masu bincike na Blackwing Intelligence sun tsallake shingen yatsa na Windows Hello a kwamfutocin Dell, Lenovo da Microsoft, biyu daga cikin ukun ba su ma kunna kariyar da aka tanada tsakanin na'urar yatsa da kwamfuta ba.

Don haka a yar da D-Bus, ba zan yi kuka ba. Amma laburaren ɓoye saƙo, irin Mbed TLS da aka yi shi domin ƙananan na'urori, ya zauna, a kuma nemi na'urar yatsa da ta iya magana da shi. Wadda ba ta iya ba, ta tsaya a rajistar ma'aikata, kada a sa ta gadin sito.