Laso da Makuba: Yadda Magini Ke Raba Rumbu da Ruwa

Watan Agusta ne ke tona asirin magini. Ruwa ya kwana yana zuba, ƙasa ta ƙoshi, danshi ya fara hawa bango daga gindi. Ɗakin ajiyar da gwani ya gina zai fitar da gero da buhun taki da fartanya daga damina lafiya lau. Wanda aka yi wa ha'inci kuwa, kafin kaka hatsi ya yi fumfuna, gara ta samu hanya, ƙarfe ya yi tsatsa.

Abin da ke burge ni da maginan gargajiya shi ne ba sa jayayya da ruwa. Sun san ƙasar da suka cuɗa da ruwa, ruwan ne zai dawo ya narkar da ita, don haka aikinsu duka na nuna masa hanyar wucewa ne. Dubi rumbu. Ba a girke shi a ƙasa. Kan duwatsu ake ɗora shi, iska na ratsawa ta ƙarƙashi, kaji su samu inuwa suna tsince gara. Bisa kansa kuma jinka ce mai gangara, wadda bakinta ya zarce jikin rumbun, ruwa ya zuba can nesa da gindi. Idan ɗaki ne, sai a zaɓi tudu, a kuma yi wa gindin bango dakali, domin ruwan da ke faɗowa ya fantsamo shi ne ke cin gini a ɓoye. Da yake hadari a ƙasar Hausa yawanci daga gabas yake tasowa, bangon gabas ne ke shan duka, shi ake ƙara wa kaurin yaɓe, kuma mai lura ba ya so ƙofar ɗakin ajiya ta kalli can.

Amma inda gwanintar ta kai ƙarshe shi ne laso. Ka duba inda ake tattaro kayansa. Daga karofi, irin na Ƙofar Mata a Kano, ake kwaso katsi, wato lakar da ke kwanciya a gindin rijiyar baba. A shanya ta, a ƙona. Daga majema a samo gashin da aka kankare daga fatar awaki. Daga daji a haƙo dafara, a daka, a jiƙa har ta saki yauƙinta. Katsi ne jiki, gashi na riƙe shi kada ya tsage idan rana ta buɗe, dafara kuma ta ɗaure su. Idan aka shafe rufin soro da rawaninsa da wannan haɗi, aka goge da kyau, ruwa sai dai ya zame ya wuce. Sana'a uku ke nan, rini da jima da gini, sharar biyu ta zama rufin asirin ta ukun. Wanda ya fara gano wannan haɗi, ko wane ne shi, ya cancanci a jinjina masa.

Makuba ta fi sauƙin samu, ita ce ta talaka. Ɓawon ɗorawa ne ake jiƙawa, a kwaɓa ƙasa da ruwansa, a yaɓe bango ko a yayyafa wa daɓe. Tana bar wa gini wani ja mai duhu, tana ƙara masa tauri, sai dai ba ta kai laso daɗewa ba, dole a riƙa sabuntawa.

Rufin soro kuwa a kan azara yake kwance, wadda ake tsagowa daga giginya saboda gara ba ta cika iya mata ba. Ido zai ce rufin a shimfiɗe yake, alhali magini ya karkata shi kaɗan zuwa bakin indararo. Indararon ma da tsawonsa: in ya gajarta, a jikin bango zai yi ta amai har ya rarake shi.

Yau da yawa sun koma kwano da siminti, kuma ba laifi, kwano ya rage wahala. Kuskuren da nake yawan gani shi ne a shafa siminti a kan bangon ƙasa. Su biyun ba sa tafiya tare idan zafi da sanyi suka canza. Simintin ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa mafita, ƙasar ta jiƙe a ciki alhali waje na sheƙi. Wata rana sai ɓangare guda ya ɓallo. Yaɓen ƙasa kuwa yana barin danshi ya fita da zarar rana ta fito.

Shi ya sa a garuruwan da sana'ar ke da sauran rai, bazara ce lokacin magina. Kafin ruwan farko a hau soro, a share indararo, a cike tsaga, a sabunta jinkar rumbu. Da irin wannan gyaran a kai a kai hasumiyar masallacin Agadas, ginin ƙasa mai tsawon mita 27, ke tsaye tun sake gininta a 1844.