Labari Ɗaya, Fim Uku: Sharhi a kan Finafinan Haɗarin Tsaunukan Andis

Gabatarwa

Akwai wani rukuni na finafinai da Turawa ke ji da shi, watau wanda akan jefa mutum cikin halin ƙaƙa-nika-yi, a tsibiri ko a daji ko a kan dutse, a zuba masa ido a ga ko zai kai labari. Daga cikinsu akwai "Cast Away" na 2000 da "127 Hours" na 2010, waɗanda a cikinsu mutum guda ne ke fama shi kaɗai. Ni kuwa wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne wani labari na gaskiya da aka yi wa fim har sau uku, kowane da irin fuskar da ya dube shi. Nufina a nan shi ne in auna finafinan uku da ma'aunin da muke auna littafi, watau jigo da tauraro da salo, in nuna cewa na ƙarshensu ya fi, ko da yake shi ma bai kuɓuta daga aibi ba.

Asalin labarin

Ranar 13 ga Oktoba, 1972, wani jirgin sama na sojan ƙasar Yurugai ya faɗi a tsaunukan Andis, ɗauke da mutum 45. Yawancinsu samari ne 'yan wasan ƙwallon zari-ruga da 'yan'uwansu da abokansu, za su birnin Santiyago na ƙasar Cile. Gangar jirgin ta tsaya a wani kwari mai tsayin fiye da mita 3,500, inda babu ko tsinken ciyawa sai dusar ƙanƙara. Bayan kwana takwas aka daina nemansu, kuma da kunnensu suka ji haka a wata 'yar rediyo. Da ɗan guzurinsu ya ƙare, sai suka shiga cin naman 'yan'uwansu da suka mutu. Ranar 29 ga Oktoba ƙanƙara ta zaftaro ta rufe su, ta kashe mutum takwas. A watan Disamba biyu daga cikinsu, Nando Parrado da Roberto Canessa, suka yi kwana goma suna ratsa duwatsu a ƙasa, har suka gamu da wani makiyayi, Sergio Catalán. Mutum 16 aka kwaso da rai bayan kwana 72. Sauran 29 can suka kwanta.

Jigo

Duk wanda zai yi fim a kan wannan labari, tilas ya tsaya a kan maganar naman nan, kuma yadda ya yi da ita shi ne ke nuna jigonsa. Fim na farko, wanda René Cardona ya yi a Meziko a 1976, aka fassara shi da Ingilishi da sunan "Survive!", wannan maganar ya mayar hajarsa. Sai ka ga an kafe abin ɗaukar hoto a kan wuƙa da tsoka, domin dai a tayar wa ɗan kallo tsikar jiki. A ganina wannan ciniki ne da gawar mutane, shekara huɗu kacal da rasuwarsu, iyayensu na raye suna gani.

Na biyu, "Alive" na Frank Marshall, ya fito a 1993, an gina shi a kan littafin Piers Paul Read na 1974. Shi ya fi kunya da kara, amma jigonsa jarunta ce irin wadda Amurkawa suka saba sayarwa: mai ƙarfin zuciya shi ke tsira. Matsalar wannan jigo kuwa ita ce, in ƙarfin zuciya ne ya fid da mutum 16, to me za a ce da takwas ɗin da ƙanƙara ta danne suna kwance a cikin gangar jirgi? Ragwaye ne? Wurin kwanciya kawai ya raba su da waɗanda suka rayu.

Na uku, "La sociedad de la nieve", watau al'ummar ƙanƙara, J. A. Bayona ɗan ƙasar Sifen ya yi shi a 2023 daga littafin Pablo Vierci. Jigonsa shi ne amana. An nuna samarin suna gardama a kan halacci da haramci, wasu suna ƙi, sa'an nan ɗaya bayan ɗaya suna ba da izini cewa in sun mutu a ci namansu. An nuna kuma wasu 'yan dangi uku sun ɗauki nauyin yankan a ɓoye, don kada wani ya san naman wa ya ci. Nan ne fim ɗin ya sa ni tunani, domin mu ma malaman fiƙihu sun tattauna wannan mas'ala tun da daɗewa: larura na halatta mushe, amma a kan gawar ɗan Adam Shafi'iyya sun yi sassauci, mafi yawan Malikiyya kuwa sun hana. Bayona bai yanke hukunci ba. Ya dai nuna nauyin abin a fuskar wanda lomar ke hannunsa.

Tauraro

A "Alive" tauraro shi ne Parrado, wanda Ethan Hawke ya fito a matsayinsa, yana Ingilishi irin na Amurka, kuma ga alama yunwa ba ta taɓa kumatunsa ba. Bayona kuwa sai ya ɗauko Numa Turcatti, ɗalibin lauya wanda ba ya ma cikin 'yan wasan, ya ba shi bakin labari. Ɗan kallo yakan saki jiki da cewa mai ba da labari ba ya mutuwa, sai ga Numa ya cika ranar 11 ga Disamba, shi ne na ƙarshen waɗanda suka rasu, amma muryarsa ta ci gaba har ƙarshen fim. Wani abokina ya ce wannan yaudara ce, don mamaci ba ya magana. Ni ban yarda ba. Shekara hamsin masu rai ke ta ba da labarin, alhali da jikin mamatan aka yi tafiyar kwana goman nan. Ba su baki sau ɗaya bai yi yawa ba. Daɗin daɗawa, duk wanda ya mutu sai a rubuta sunansa da shekarunsa a kan allo, ka ga ɗan 20, ka ga ɗan 24, sa'o'inmu ke nan a wannan jami'a.

Salo

Bayona ya yi amfani da Sifaniyanci da 'yan wasa daga Yurugai da Ajantina waɗanda duniya ba ta san su ba, kuma suka yi ta ramewa yadda labarin ke tafiya. Yakan matso da hoto dab da fuska a cikin gangar jirgi har numfashinka ya ƙuntata, sa'an nan ya ja da baya ya nuna su kamar tururuwa a kan farin zane. Ya kuma kula da ƙananan dabaru: narkar da ƙanƙara a kan fallen ƙarfe don a sami ruwan sha, da ɗinka jakar barci da abin da aka yago a jikin jirgi. Mu da sanyin hunturu kan hana mu wankan asuba, irin waɗannan abubuwa ne ke sa mu ji sanyin da ba mu taɓa sani ba.

Amma fim ɗin yana da nasa rauni. Fuskokin sun yi yawa, ga gemu ga rama, har wani lokaci sunan mamaci kan fito a allo ban gane wanda ake nufi ba. Kiɗan ma yakan yi kumbura a inda shiru zai fi. Abin da ya fi damuna shi ne makiyayin nan Catalán, talaka wanda ya bar dabbobinsa ya yi sa'o'i a kan doki don baƙin da bai sani ba. Fim mai jigon amana bai kamata ya sallame shi da 'yan mintoci ba.

Kammalawa

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda jirgin ceto ya sauka, Gustavo Zerbino ya ƙi shiga sai da akwatin da ya tara wasiƙu da agoguna da sauran kayan mamatan don ya kai wa iyayensu. Cardona ba shi da wurin ajiye wannan akwati a fim ɗinsa, Marshall kuma hankalinsa na kan jaruminsa. Da wannan nake auna duk wani fim irin wannan: in an tashi daga kallo, sunan mutum nawa ka riƙe daga cikin waɗanda ba su dawo ba? Ina fata Ƙungiyarmu za ta sa fim ɗin a ɗaya daga cikin zamanta na mako, domin waɗanda ba su yarda da ni ba su kawo tasu hujjar.