Ƙunar Baƙin Wake a Fim ɗin Dil Se: Tsokaci kan Jigo

Fim ɗin Dil Se, wanda Mani Ratnam ya shirya a 1998, na daga cikin finafinan Indiya da masu kallo a ƙasar Hausa suka ɗauka labarin soyayya ne kawai. Amma idan aka warware jigonsa za a tarar an gina shi ne kan tawayen 'yan a-ware na arewa maso gabashin Indiya. Tauraronsa, Amar, ma'aikacin gidan rediyon gwamnati ne da ya kamu da son Meghna, ba tare da sanin cewa an shirya ta domin ta yi ɗamara da bam a faretin Ranar Jamhuriya a Delhi ba.

Raunin farko ya shafi tarihi. A wancan lokaci ba a san mayaƙan Assam da irin wannan hari ba. Waɗanda suka shahara da shi su ne 'yan a-waren Tamil na Siri Lanka, waɗanda suka fara shi a 1987, kuma mace ce daga cikinsu ta hallaka Rajiv Gandhi ranar 21 ga Mayu, 1991. Ke nan an ɗauko salon wani yaƙi an jingina wa wani. Sannan hujjar Meghna, wato ta'asar da sojoji suka yi mata da danginta tana ƙarama, an mai da ita ciwon zuciyar mutum ɗaya, har koken al'ummarta ya dushe a bayan waƙe-waƙe.

Inda fim ɗin ya yi armashi shi ne zubinsa. An jera labarin bisa matakan so guda bakwai, waɗanda cikinsu akwai ibadat da junun da maut, kalmomi masu asalin Larabci da ba za su yi wa Bahaushen almajiri wuyar ganewa ba. Tun daga nan an yanke wa masoyan hukuncin mutuwa.

Ga manazarcin harshe kuwa, a nan gizo ke saƙar. A Hausa, ɗan ƙunar baƙin wake shi ne wanda ya faɗa wuta rungume da abokin gabarsa. A ƙarshen Dil Se kuwa Amar ne ya rungume Meghna, bam ɗin ya tashi da su biyu, faretin bai ji ko ƙwarzane ba.